Talatin da Biyu

Ranar Laraba bayan an tashi
muka tura bencina jikin bango.
Zugwai ta shimfiɗa tabarma tsakiyar aji,
ta kwantar da mutumin roba,
ba hannu, ba ƙafa, kai ne kawai da ƙirji.
Nafi'u ya raɗa masa suna Malam Shiru,
aji ya kwashe da dariya.

Ita ba ta dara ba.
Sa'ata ce, jiya ma ni na ara mata biro,
amma yau ta durƙusa
kamar wadda ta shekara goma a asibiti.

"Fara duba wurin, kar ka zama na biyu a ƙasa.
Bubbuga kafaɗarsa, kira shi da ƙarfi.
In bai amsa ba, in ƙirjin ya daina hawa da sauka,
kar ka ce, jama'a a taimaka.
Jama'a ba ta da ƙafa.
Nuna mutum ɗaya: kai mai jar hula, kira asibiti!
Ke, ruga ofis ki ɗauko na'ura!"

Ta ɗora gindin tafinta a tsakiyar ƙirjin,
ɗayan hannun bisa, gwiwar hannu a miƙe.
Ɗaya, biyu, uku,
robar na ƙas-ƙas a ƙarƙashinta.
Talatin, sai numfashi biyu.
"In haƙarƙari ya karye fa?" in ji Shamsiyya.
"Ƙashi na ɗoruwa," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na'urar ba ta fi kular abinci girma ba.
Da Turanci take magana, Zugwai na yi mata tafinta:
manna wannan a saman ƙirji ta dama,
wannan ƙasan hammata ta hagu.
Kowa ya janye hannu!
Muka ja baya har da masu leƙe ta taga.

Sai aka ce layina ne.

Ban taɓa gaya musu ba.
A Kasuwar Barci Baba ya faɗi,
tsakanin keken ɗinki da teburin yanka,
tef ɗin awo na rataye a wuyansa.
Aka fasa masa ledar ruwa uku a fuska.
Wani ya kawo albasa, wani cokali,
wani na fifita da kwali,
wani ya ɗaga waya sama don ya samu hoto sosai.
Mutum ya fi arba'in, duk masu ƙaunarsa.
Ni ina da shekara sha biyu.
Takalmansa na riƙe.

A asibiti likita ta tambaya,
"Wa ya danna masa ƙirji kafin ku iso?"
Muka dubi juna.

Na ɗora hannu.
Roba ce, na sani, sanyi gare ta, tana warin sabon bokiti.
Ɗaya, biyu, uku.
Na wuce talatin ban ji ba.
Hamsin. Saba'in.
Gumi na ɗiga kan Malam Shiru,
Nafi'u ya haɗiye abin da ya so faɗa.
Zugwai ta durƙusa daidai kunnena:
"Dauda, in ka gaji akwai mai karɓa.
Shi ya sa muke da yawa."

Kakata ta ce kwana ne ya ƙare,
ban musa ba, har gobe.
Sai dai Wanda ya ƙidaya kwanakin
Shi ya ba mu hannu biyu,
kuma ban ga inda aka ce
na riƙon takalmi ne kaɗai ba.

Da yamma na ratsa Tudun Wada a ƙasa,
ƙafata na ƙirga talatin-talatin.
Laraba mai zuwa 'yan aji ɗaya za a ba ni.
Na roƙi Zugwai aron Malam Shiru, ta ce ba a fita da shi,
don haka yau filon Umma ya shiga uku,
ƙanwata Ramlatu na tsaye a kaina
tana cewa na tsallake sha bakwai.